Sunan da Saratu Ba Ta Taɓa Kira Ba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar Saratu. Ba 'yar'uwata ba ce, addininmu ma ba ɗaya ba. Ƙawata ce, irin ƙawancen da, wanda ake ƙullawa da goro da ƙwaryar tuwo a gaban mata. Aure ne ya kawo ta ƙauyenmu daga wajen Kudan, ni ma aure ya kawo ni daga Makarfi, a damina ɗaya. Sunan ƙauyen ba zan rubuta ba. Wanda ya san hanyar Kurmin Kogi ya san mu, wanda bai sani ba ya ɗauka nasu ƙauyen ne.

Ban iya boko ba sai da haƙorana suka fara zuba, a ajin yaƙi da jahilci. Saratu kuwa tun tana yarinya take karanta Littafinsu da Hausa, ta sha yi mini dariya. "Hajara," in ji ta, "ke ko sunanki aka rubuta a jikin buhu, a gabanki za a ɗauke shi ki ce Allah ya kiyaye hanya." Ba ta ga ranar da na iya ba. To yanzu na iya, kuma abin da ya faru a masussukarmu bana ya hana ni yin shiru.

Sai na koma baya kaɗan, don yara su gane.

Shekarun baya, da abin ya same mu, masu rediyo sun ce wai rikici aka yi. Rikici shi ne mutum biyu su yi faɗa a kan iyakar gona. Ni ga abin da na gani da idona. Labari ya zo an kashe namu a can kudu, kuma an kashe ɗin, ba ƙarya ba ne, har da ƙanena Garba mai kai barkono can, wanda ko gawarsa ba mu gani ba. Kafin azahar samari sun fito da adduna, wasu baƙi, wasu na gida. Su tare mutum a hanya su ce, "Yaya sunanka?" Sunan ne zai sa ka wuce ko ka kwanta a wurin. Daga nan aka shiga unguwar coci gida-gida, ba a bar tsoho ba, ba a bar na goye ba. Wannan kisan ƙare dangi sunansa. Can an yi wa namu, nan namu sun yi, kuma ban ga wanda ya dawo da rai saboda an rama ba.

Saratu ta tsira ne a cikin gonar rake, rungume da jikarta Rifkatu, ganyen ya yayyanka musu jiki kamar an yi musu tsaga. Uban yarinyar, Yohanna, ɗan farin Saratu, yana dawowa daga fadama a kan keke suka tare shi. Bahaushe ne kamar mu, da ya ce Musa ko Isa da ya wuce. Bai sami damar yin ƙaryar ba, don a cikin waɗanda suka tare shi akwai wanda suka sha kokawa tare a dandali.

To, ku 'yan yanzu da kuke kiran 'ya'yanku gatsau, har da su "masoyina", ba lalle ku gane ba. Mu a namu zamanin uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Kunya ce, kuma shiga coci bai cire wa su Saratu ita ba. Tun da ta haifi Yohanna bakinta bai taɓa furta sunan ba. "Wancan" take cewa, ko "yaron nan". In ya faɗi ya fasa gwiwa sai ta kau da kai, ni nake ɗaga shi. Shekara ɗaya muka haihu, ni na goya nata, ita ta goya nawa, kowa ta huce son a kan ɗan 'yar'uwarta. Nawa ɗan farin yana nan da ransa, da furfurarsa ma, kuma kada ku jira ganin sunansa a takardar nan.

Da shekara ta zagayo aka gama sussukar dawa, sai ga Saratu a masussuka, gindin ɗorawar da ke tsakanin unguwarsu da tamu, da ƙwarya a kife da mata 'yan kaɗan da suka rage, ɗaya riƙe da tulu. Ba wanda ya gayyace su, ba wanda ya kore su, don kowa kunya ta ishe shi. Ta zauna ta fara bugawa. Waƙar ba ta da wani ado. Ita ta tambaya, mata su amsa.

Ina Ladi mai ƙosai?
Ba ta dawo ba.
Ina Dauda mai gyaran keke?
Bai dawo ba.
Na dafa tuwo ya huce, na rufe da faifai,
Ina Talatu da na bayanta?
Ba su dawo ba.

Haka take bi gida-gida, kamar yadda masu addunan suka bi. Ni ina can gefe, na zo ɗibar ƙaiƙayi, na tsaya da kwando a hannu. Da ta iso ƙofar gidanta sai ta ce, "Ina..." bakin ya tsaya. Hannun yana ta bugun ƙwarya, bakin ya ƙi. Ɗanta ne, an yanka shi kamar rago, amma kunyar nan ba ta sake ta ba. Matan suka rasa abin yi, don ba a amsa wa waƙa babu suna. Sai ta ɗago ta dube ni. Ban san lokacin da na ce "Yohanna!" ba. Suka ce, "Bai dawo ba."

Da aka tashi ta zo ta wuce ta gabana, ko kallona ba ta yi ba, ta ce, "Wannan bakin naki na masu tallan kifi, yau dai ya yi rana."

Shi ke nan aiki ya same ni. Kowace kaka, in ta zo wurin, ta bar rami, ni in cike. A shekara ta biyu ta ƙara da, "Ina Garba mai barkono?" Wasu daga matan cocin suka ɓata rai, wai shi ba nasu ba ne. Ta ce musu, "Ya dawo ne?" Suka amsa dole. A hankali abin ya zama taro. Yara suna zuwa, samarin makaranta suna karanta nasu baitocin, har daga Furana da Ikara wasu suke hawo babur. Namu mazan kuwa daga nesa suke tsayawa, wai suna duba buhuna.

Da ciwon ƙirji ya ɗauke Saratu, Rifkatu ta ɗauki ƙwaryar. Amma 'ya ba ta kama sunan ubanta a bainar jama'a, kakarta ta yi mata tarbiyya. Ramin yana nan inda yake, ni ma ina nan.

Ina yawan tunanin me Saratu za ta ce da ta ga yau. Da, labarin kisa sai ya hau mota kafin ya iso mu. Yanzu yana cikin aljihun kowane yaro. Su zauna a shagon caji, kai a haɗe, suna kallon gawarwakin da ba su san na wace ƙasa ba ne, su tashi idanu jajur. Bana tun kafin a yanke dawa abin ya fara. Wai an yi wani abu a wani wuri, wai za a zo. Matan unguwar coci suka daina zuwa rijiyarmu su kaɗai. Mai shayi ya daina kunna rediyo in ya ga an cakuɗu a bencinsa. Gaisuwa ta gajarce, daga "ina kwana" sai "lafiya", ba a kaiwa ga iyali. Wanda ya taɓa ganin irin wannan shirun ya san ba lafiya ba ce.

Ana cikin haka mai unguwa ya aiko a kira ni da Rifkatu. Muka durƙusa a zaure muka gaishe shi, ya tambayi gida da gajiya da jikoki, kamar ba komai. Sannan ya ce kwamitin zaman lafiya ya zauna. Za a yi taro bana, har da baƙo daga ƙaramar hukuma, da rumfa da lasifika. Yara za su yi wasan kwaikwayo. Waƙa ma a yi. Amma ban da sunaye.

"Iya," ya ce, "suna yana ta da tsohon ciwo. Gari a ɗane yake."

Na ce, "Ranka ya daɗe, to me za a ce? Ina wasu mutane?"

Bai yi dariya ba. Kuma ba zan zalunce shi ba, ba mugu ba ne, tsoro yake ji, tsoron kuma na gaskiya ne. Sai dai na san wanda ke cikin kwamitin. Abokin kokawar Yohanna yanzu yana da motocin tumatir, yana da babbar riga, shi ya sayi kujerun roba. Jarida ba za ta buga sunansa ba ko na rubuta. Ba suna ne ke ta da ciwo ba, shi ne sunan ke hana wa zama daidai a kujera.

A hanya, da muka kai bakin rijiya, Rifkatu ta tsaya. Sannan ta ce, "Kaka, ke in kin yi magana harara za ki sha. Mu wuta za mu sha. 'Ya'yana ƙanana ne."

Gaskiyarta ce. Rufin gidana ba wanda zai taɓa. Na ce, "'Yar nan, ƙwaryar a hannunki take. In kin ce a bari, an bari."

Ta ce, "Ban ce a bari ba. Na ce ba zan kira suna ba."

Ban gane nufinta ba, ban kuma tambaya ba.

Ranar taron da safe babban ɗana ya shigo, ya tsuguna nesa da ni kamar yadda ya saba, ya gaishe ni. Ya daɗe yana wasa da makullin babur. Sannan ya ce, "Inna, yau ki zauna a gida. Ƙafarki ma ba lafiya."

"Ƙafata ta kai ƙara wurinka ne?"

"Inna, da mutanen nan nake kasuwa. Tumatir ɗina a motarsa yake tafiya."

Na ce, "A bayan wa ka yi barci kana jariri? Wa ta tauna maka rake ta sa maka ruwan a baki?"

Ya sunkuyar da kai. Na ɗauki mayafina da sandata na fita. Ban kai ƙarshen lungu ba na ji babur a bayana. "Hau," ya ce. "In dai sai kin je, gara ina wurin."

Ban taɓa ganin masussukar a cike haka ba, ban kuma taɓa ganin ta a rabe haka ba. Unguwar coci a hagu, tamu a dama, fili a tsakiya kamar an share don dambe. Ɗan sanda ɗaya yana jingine da ɗorawa. Samarinmu sun jeru a baya, hannu a aljihu. Mai tumatir yana gaba kusa da baƙo, yana fifita da hula. Ƙanshin mazarƙwaila yana tasowa daga fadama, irin na ranar da abin ya faru.

Yara suka yi wasansu. Ɗaya ya sa rawani, ɗaya ya rataya gicciyen kara, suka yi faɗan ƙarya a kan akuya, suka rungume juna. Aka tafa. Baƙo ya yi jawabi, ya ce a manta da baya. Aka sake tafawa. Ni dai ina zaune a kan turmin da aka kifa mini, ina cewa a raina, Saratu, da kina nan da kin tambaye shi wa ya rasa.

Sai Rifkatu ta fito da matanta. Aka miƙa mata abin magana na lasifika, ta girgiza kai. Ta zauna a ƙasa, ta kifa ƙwaryar kakarta, wadda aka ɗinke tsagewarta da zare. Ta fara bugawa. Ta buɗe baki ta ce, "Ina..."

Ta yi shiru. Hannun yana tafiya.

Matan suka dubi juna. Can wata tsohuwa a cikinsu ta ce a hankali, "Ba ta dawo ba." Wurin Ladi mai ƙosai ne, duk mun sani.

"Ina..."

"Bai dawo ba."

Yarinyar nan ta bi umarnin mai unguwa, ba ta kira kowa ba. Ta mai da dukan matattun kamar 'ya'yan fari, waɗanda ba a kiran sunansu. Ramin da Saratu ta bari don mutum ɗaya, ta bar shi don kowa. Kuma wallahi ya fi sunayen nauyi, don duk wanda ya kai shekaru a wurin nan, na hagu da na dama, yana cike ramin a cikinsa. Na ga leɓunan wani dattijo a ɓangarenmu suna motsi. Na ga mai tumatir ya daina fifita.

Ina bin ta gida-gida a zuciyata. Gidan Dauda. Gidan Talatu. Gidan da ke bayan injin niƙa. Muna matsowa. Na ji hannun ɗana a kan sandata, ya riƙe ƙarshenta. Na tuna maganar Rifkatu a bakin rijiya, harara da wuta. Na ce a raina, in ba ta dube ni ba, zan haɗiye shi, ko zai shaƙe ni.

Ta iso ƙofar gidansu. "Ina..." Wannan karon matan ba su amsa ba. Shekara da shekaru sun saba a nan jira ake yi, bakinsu ya ƙi wucewa. Ƙwarya tana ta bugawa, ba mai tari. Sai Rifkatu ta ɗago kai, ta nemo ni a cikin taron, ta dube ni da idon kakarta.

Muryata ba kamar da ba ce, ta shaƙe, amma ta fita.

"Yohanna!"

"Bai dawo ba."

Wani saurayi a baya ya yi tsaki mai ƙarfi. Ɗan sandan ya tashi daga jikin ɗorawa ya gyara tsayuwa. Mai unguwa ya dube ni, na dube shi. Ban san me zai biyo baya ba, na dai san in dutse ɗaya ya tashi, shi ke nan. Rifkatu ba ta tsaya ba. "Ina..." Sai wata murya daga hagu ta ce, "Garba mai barkono." Ɗaya daga cikin matan da suka taɓa cewa shi ba nasu ba ne. Na gaba kuma mahaucinmu ne ya kira, sunan maƙwabcinsa da suka yi shekaru suna faɗa a kan magudanar ruwa. Wasu ramukan aka cike, wasu suka wuce fayau, don ba wanda ya rage da zai kira. Kafin a gama, mai tumatir ya sa waya a kunne kamar an kira shi, ya tashi ya bi ta bayan rumfa. Ba wanda ya ji ƙarar wayar.

Kada ku ce an yi sulhu. Ba a yi ba. Bayan kwana kaɗan an yi jifa a kan kwanon ɗakin Rifkatu da rana tsaka, ba a ga mai jifan ba, ta kai yaranta Kudan suka yi mako. Mai unguwa yana amsa gaisuwata da ka. Tumatir ɗin ɗana ya kwana a bakin hanya har ya fara ruɓewa kafin ya sami wata motar. Ko za a bari a yi taro baɗi, Allah kaɗai ya sani. Na je na ba Rifkatu haƙuri a kan jifan, ta ce, "Kaka, ni na dube ki ai."

To me ya rage na Saratu bayan shekara bakwai? Ɗakinta ya rushe, an shuka kuɓewa a wurin. Muryarta ma in na ce ina tuna ta daidai na yi ƙarya. Ba ta bar hoto ba. Abin da ta bari shi ne wurin nan da take yin shiru. Ta yi waƙar da mutum ɗaya ba ya iya gamawa, dole sai wani ya taso daga ɗaya gefen ya sa baki. Ban ce da gangan ta yi ba, kunya ce kawai ta tsohuwar Bahaushiya. Amma na sani sarai, da nawa aka tare a hanyar fadama, ni ma bakina zai ƙi, kuma ita ce za ta aje kwandonta ta kira.

Damuwata ɗaya ce. Na tsufa, numfashina ba ya kai ni rijiya sai na huta. Ranar da Rifkatu za ta ɗago ta nemi turmin nan ta ga ba kowa, wa zai kira?

Ranar taron, da ɗana ya dawo da ni, bai yi mini magana ba duk hanya. Na ce to, ya yi fushi, ya daɗe bai yi ba. Ya tsaya a ƙofar gida, ya riƙe babur har na sauka, ya miƙo mini sandata. Na juya zan shiga sai ya ce, "Inna."

Na tsaya, ban waiwaya ba.

"In ta ce 'ina', nan take ake shiga, ko sai ta ɗago kai?"

Na ce, "Sai ta ɗago. Kuma da ƙarfi ake faɗa, ba kamar mai cinikin tumatir ba."